Rigar da Ta Saba Faɗuwa Daga Babur

Uwar Biyu ta wuce gadon mijinta ba ta gane shi ba. Shuɗiyar rigar aiki take nema, mai tambarin kamfani a ƙirji, wadda ta goge masa da hannunta da asuba. Ta bi layin gadajen ɗakin masu rauni har ƙarshe, guntayen zare na nan manne a zanenta, don da aka kira ta ko kakkaɓewa ba ta tsaya yi ba, ta bar keken ɗinki da allura a cikin yadi. Sai da ta juyo ta ga wasu ƙafafu sun zarce ƙarshen gado. Duk unguwarsu mutum ɗaya ne gado ba ya ɗauka, shi ya sa ake ce masa Dogo.

Yana kwance cikin wata riga ruwan ƙwai mai zanen ganye, wadda ba ta taɓa gani ba. Rigar ta matse shi a kafaɗa, ta tsaya masa sama da cibiya. Hannunsa na dama yana naɗe cikin bandeji a kan matashi, jini ya fara ɓullowa ta saman farin. Ana yi masa ƙarin ruwa ta hagu.

"Baban Biyu," ta ce a hankali.

Ya buɗe ido ya dube ta, sannan ya kawar da kai. "Kin zo? Wa kika bar wa yara?"

"Suna makaranta. Me ya sami hannunka?"

Kafin ya amsa, wani ya yi gyaran murya a bayanta. Helma ne, shugaban leburorin sashen da Dogo ke aiki a kamfanin buga kwanoni da tukwane. Mutum ne mai tumbi da fara'a, kuma shi ya samar wa ƙaninta Auta aikin wucin gadi a kamfanin bara, don haka tana ganin girmansa.

"Sannu, Uwar Biyu, sai haƙuri," in ji Helma. "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babur ne ya kayar da shi a hanya, sarƙa ta kama hannun."

"Babur?"

"Babur."

Ta dubi mijinta. Tun aurensu ba ta taɓa ganinsa a kan babur ba. Ya gwammace ya tsaya cikin rana yana jiran bas, ko ya taka da ƙafa. 'Yan biyu ma sukan tsokane shi, su ce Baba ya kusa taɓo sama amma yana tsoron taya biyu.

"Helma, mutumin da ko keke bai iya ba?"

"Goyo aka yi masa," ya ce da sauri. "Ai ba sai ka iya tuƙi kake faɗuwa ba."

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar jinya ta iso tana tura keken magunguna. Babbar mace ce mai furfura, tabarau a kan karan hanci, kowa a ɗakin Sista yake ce mata. Ta duba robar ruwan, ta taɓa goshin Dogo. Sai ta tsaya, ta kama wuyan rigar da yatsu biyu tana dubawa.

"A'a! Sannu da zuwa, tsohuwar ƙawa," ta ce wa rigar. "Kin sake faɗuwa?"

Helma ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Ban taɓa ganin riga mara sa'a kamar wannan ba," Sista ta ci gaba, tana shirya allura. "Kwanan baya ta faɗo daga babur da wani siririn saurayi, ya bar yatsu biyu. Kafin shi da wani mai gemu. Abin da ke ba ni mamaki, duk faɗuwar da take yi ba ta taɓa gogar kwalta ba. Mai ita ba ya kujewa a gwiwa, ba ya fasa goshi. Hannu kawai, kuma kullum na dama."

"Sista, ai riga iri-iri ce a kasuwa. Kamanni ne."

"Kamanni har da facin aljihu? Malam, in za ku yi mana ƙarya, ku daraja mu ku riƙa sauya riga."

Ta soka allurar, ta goge wurin da auduga, ta yafito Uwar Biyu da ido. Suka fita baranda, inda masu jinya suka shimfiɗa tabarmi suna fifita.

Sista ta yi mata bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro karatu. Yatsu uku sun riga sun tafi. Babban yatsa da manuni ana sa ran ceto su, amma sai an shiga tiyata gobe, kuma tiyatar ba ta araha ba ce. Da yamma likita zai zagayo, zai tambayi majinyaci yadda abin ya faru. In ya ce a wurin aiki ne, dole asibiti ya sanar da ofishin ƙwadago, inshorar kamfani ta ɗauki tiyata da magani, ta kuma biya diyyar hannun. In ya ce babur ne, komai a kansu yake.

"To ke ba kin san gaskiya ba, Sista?"

"Na sani, 'yar'uwa. Amma abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa. Na gaji da rubuta babur, wallahi. Babur ɗin nan ya ci yatsun da ko kura ba ta ci ba."

Da Sista ta wuce, Helma ya matso. Ya zaro wata ambulan daga aljihu ya miƙa mata da hannu biyu.

"Karo-karo ne 'yan sashe suka yi. Mu ba ma yar da namu."

Ba ta karɓa ba. "Helma, ka gaya mini gaskiya don Allah. Injin ne?"

Ya waiga dama da hagu, ya rage murya. Injin ne, ya ce, babban injin da ke matse ƙarfe ya fitar da kwano. Amma ta tsaya ta fahimta. Kamfanin yana da rassa a wurare daban-daban, kuma duk shekara reshen da ba a sami hatsari a cikinsa ba shi ke cin lambar yabo. In aka ci, kowane ma'aikaci yana samun ƙarin albashin wata guda, a kuma sabunta wa 'yan wucin gadi aikinsu. In aka rubuta hatsari ɗaya, shi ke nan. Masu bincike za su zo su rufe sashen, 'yan wucin gadi su koma gida.

"Har da Auta," ya ce. "Kuma kin san matarsa tsohon ciki gare ta. Shi ya sa tun kafin ni, ma'aikata suka yi wa kansu dabara. In abu ya faru, a cire wa mutum rigar aiki, a sa masa ta gida, a fitar da shi ta ƙofar baya. Wa ke da lokacin neman riga ana zubar da jini? Sai aka ajiye guda a ɗakin maigadi. Rufin asirin kowa ne. Dogo in ya warke ba za a kore shi ba, za a nema masa ɗan aiki mara nauyi, shara ko gadi."

"Shara," ta maimaita.

"Aiki ai aiki ne. Af, kada na manta. In an sallame shi, ki wanke rigar ki aiko da ita. Haka ake yi, matar wanda ya sa ita ke wankewa."

Fushi ya taso wa Uwar Biyu. Ba ta saba ɗaga murya ga manya ba, don haka ta haɗiye. Ta ce kawai, "Ina rigarsa da takalmansa? Ina kular abincinsa?"

"Suna can kamfani. Za a kawo."

"Zan je in ɗauko da kaina."

Bas ɗin ya cika maƙil, ta tsaya riƙe da ƙarfe. Duk hanya hannayen mutane take kallo. Hannun kwandasta yana karɓar kuɗi yana mayar da canji. Hannun direba a kan sitiyari. Hannun wata mata tana ɓare wa ɗanta lemo. Ba ta taɓa lura da yawan aikin da yatsu ke yi ba sai yau. Ta tuna yadda Dogo ke ɗaga 'yan biyu lokaci guda, kowa a hannu ɗaya, suna ihu yana zagayawa da su tsakar gida.

A ƙofar kamfani an rataye wani babban ƙyalle mai hoton ma'aikaci sanye da hular kwano yana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa lafiyar ma'aikaci ita ce gaba da komai. Ta tsaya ta karanta shi har ƙarshe, sannan ta ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofa.

Baba Maigadi ya buɗe. Ta daɗe da saninsa, shi ke karɓar saƙo in Dogo ya manta abinci a gida. Ta kuma daɗe da sanin cewa yatsu biyu ne kawai a hannunsa na dama, amma ba ta taɓa tambaya ba, don ba a tambayar dattijo irin wannan.

"Shigo, 'yata. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

Ya ba ta benci a ɗan ɗakinsa, ya aika a kira Auta. Ɗakin ba komai sai buta, da rediyo, da tabarma a naɗe. A bango akwai wata ƙusa ita kaɗai, ba a rataye komai a kanta ba, amma fentin da ke ƙarƙashinta ya fi na sauran bangon haske.

"Nan take zama?" ta tambaya.

"Nan take zama."

Ta dubi hannunsa. "Baba, kai ma babur ne?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ni ai ni na buɗe ta. Sabuwa fil na sa ta, a lokacin ta yi mini kyau ma."

Ta taga tana hango farfajiya. Wata doguwar mota ta tsaya, ana sauke manyan akwatunan katako guda biyu da motar ɗaga kaya. An yi rubutu a jikinsu da wani harshe da ba ta sani ba. Wani mai farar riga da lakataye yana tsaye a inuwa yana nuna inda za a ajiye.

"Ƙannen wanda ya ci hannun mijinki ne suka iso," in ji Baba Maigadi. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ƙari aka sayo?"

"Ba saye ba ne, aike ne daga hedikwata. Tukuicin ƙoƙarinmu." Ya gyara zama. "Kin san maigadi kunne ne. Direbobi suna shan shayi a nan, injiniyoyi suna jiran mota a nan. Injin nan asalinsa a reshen ƙetare yake. Can ya fara cizo, ya ci hannun wani. Aka je kotu. Abin da aka biya mutumin, in ji injiniyan da ya zo kafa mana shi, ya isa a sayi irin injin guda da yawa. Ya sayi gida, an yi masa hannun roba mai motsi, ana ba shi albashi yana zaune har ya mutu. Kamfani ya ce a'a, hannun mutanen nan ya yi tsada, injin ba zai zauna a nan ba."

"Sai aka jefar da shi?"

"Wa ke jefar da abin da ke aiki? Aka kai shi reshen bakin teku. Su can suna da ƙungiyar ƙwadago mai haƙori. Ya ciji mutum, aka biya albashin 'yan shekaru, aka yi yajin aiki. Kamfani ya ce nan ma da tsada, ko da yake bai kai can ba. Sai aka kawo mana." Ya ɗaga guntun hannunsa yana juya shi a haske. "Tun da ya zo nan, a wurin hedikwata, bai taɓa cizon kowa ba. Ko ƙwarzane. Sai suka ce ashe ba laifin injin ba ne, mutanen can ne ba su iya aiki ba. Mutanen nan kuwa akwai natsuwa, akwai kula. Duk inda irinsa ya rage, a tattaro a kawo musu."

Uwar Biyu ta mayar da ido kan taga. Tana kallon akwatin na biyu yana lilo a sama kafin a dire shi.

"Ba shi da abin kare hannu ne, Baba?"

"Da shingensa ya zo. Amma shingen yana rage gudu, kuma da yawan kwanon da ka buga ake biyanka. Ma'aikata suka kwance shi da kansu. Manya suka ga an kwance, suka dubi wani wajen. Yana can bayan sito, kaji na ƙwai a ciki."

"Wato hannun mutumin ƙetare gida ne. Na bakin teku albashin shekaru. Na mijina fa?"

"Ambulan," in ji tsohon. "Da tsintsiya in ya warke."

"Kuma daga aljihun 'yan'uwansa leburori aka cika ambulan ɗin! Kamfani ko sisi bai yi ciwo ba!" Muryarta ta tashi ba ta sani ba. "Shin yatsun can da zinariya aka yi su, namu da kara? Ba uwa ce ta haifi kowa ba?"

"Yi a hankali, 'yata, bango na da kunne."

"Ya ji mana! Tun da mutane sun toshe nasu."

Sai ga Auta ya shigo da baƙar leda a hannu ɗaya, kular abinci a ɗayan. Ƙaninta ne da ta goya, yanzu ya zama magidanci, amma har yau in ya yi laifi ba ya iya haɗa ido da ita. Ya durƙusa ya ajiye kayan a gabanta.

"Yaya, sannu. Ya jikin nasa?"

Ta buɗe ledar. Takalman ne a sama, a ƙasa shuɗiyar rigar. Hannun dama ya yage tun daga wuyan hannu har gwiwa, jini da baƙin mai sun haɗu sun bushe, yadin ya yi tauri kamar fata. Karin gugar da ta yi da asuba yana nan a hannun hagu.

"Cewa aka yi in jefa ta cikin tanderu," in ji Auta. "Na kasa."

"Wa ya cire masa?"

"Ni da Helma. Shi ma yana taya mu, Yaya, yana cewa mu yi sauri kada manaja ya gani." Ya goge ido da bayan hannu. "Don Allah ki rufa mana asiri. Mutane da yawa sun riga sun ci bashi a kan kuɗin ƙarshen shekara. In aka rufe sashen, da me zan tari haihuwa? Kuma yanzu ne ma Allah ya fara dubana."

"Ya dube ka yaya?"

"An ce daga gobe ni zan karɓi injin. Za a mayar da ni na dindindin."

"Wane injin?"

"Na Yaya Dogo. An riga an wanke shi, yana aiki."

Uwar Biyu ta dubi ƙaninta. Ita tela ce, ba ta buƙatar tef kafin ta san awon mutum. Idonta ya bi faɗin kafaɗarsa, ya sauka a tsawon hannunsa, ya tsaya a ƙugunsa. Rigar nan ruwan ƙwai da ta matse Dogo, ta tsaya masa sama da cibiya, a jikin Auta za ta zauna cif, kamar don shi aka yanka ta.

Ta ɗaure bakin ledar, ta miƙe.

"Yaya, ba ki ce komai ba."

"Ka gaida matarka," ta ce. "Ka ce mata kada ta sayi sabulu da yawa. Ba za ta wanke rigar kowa ba."

Ta biya gida ta roƙi maƙwabciya ta riƙe mata 'yan biyu, ta ɗauki bargo da kofi da cokali. Har ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauki almakashinta daga kan keke ta jefa a jaka.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta koma asibiti. Helma yana nan a kan kujera kusa da gado, yana ba Dogo labarin wani da ya rasa yatsu huɗu amma yanzu har kiwon kaji yake yi. Dogo yana sauraro da ido a rufe. Zufa ta jiƙa rigar, ta manne masa a ƙirji.

"Rigar nan ta shaƙe shi," in ji Uwar Biyu. "Zan cire masa."

"Bari sai an cire ruwan," in ji Helma. "Ba za ta fita ta kan bandeji ba."

"Za ta fita."

Ta zaro almakashi. Ta kama gefen rigar daga ƙasa, sai ta ga aikin da ke jikinta. An yi faci a aljihu da baƙin zare. An ɗinke hammata da fari, ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana, na mace mai haƙuri. Maɓallan ba iri ɗaya ba ne, kowanne daga gidan da ya fito. A bakin hannun dama yadin ya koɗe saboda yawan cuɗawa, amma duk da haka akwai inuwar tabo a kan tabo. Mata nawa ne suka tsuguna a bakin famfo da rigar nan, suna cuɗawa suna kuka, sannan suka goge ta suka ninke suka aika da godiya?

Ta sa almakashi.

"Ke! Ke, Uwar Biyu!" Helma ya miƙe tsaye. "Kayan jama'a ne fa! Ba taki ba ce!"

"Na sani. Ta Auta ce, gobe ko jibi."

Ƙarar almakashi ta ratsa ɗakin. Ta yanka daga ciki har wuya, ta bi kafaɗar dama, ta bi ta hagu, a natse, kamar tana fitar da wuyan riga ga mai biya. Masu jinya a gadajen kusa suka daina hira. Ta zare guntayen daga ƙarƙashin mijinta, ta dunƙule su, ta taka bokitin da ake zuba tsohon bandeji, murfin ya buɗe, ta saka su a ciki.

Sista tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. "Allah ya jiƙan tsohuwar ƙawa," ta ce. "Ta sha faɗuwa."

Uwar Biyu ta fito da shuɗiyar rigar, ta warware ta, ta yafa wa Dogo a kafaɗa. Tambarin kamfani ya zauna a kan ƙirjinsa, yagaggen hannun ya kwanta kusa da bandejin.

"Uwar Biyu, me kike yi haka?" in ji Dogo. "So kike duk sashe su tsine mini? Mutanen da muke ci a kwano ɗaya? Da wane ido zan dube su?"

"Da idon da Allah ya bar maka. Shi injin bai ci ba." Ta zauna a bakin gado, ta sassauta murya. "Baban Biyu, ban zo in yi maka faɗa ba, ciwon da kake ji ya ishe ka. Amma ka ji abin da na gano. An wanke injin, yana aiki. Gobe Auta zai tsaya inda ka tsaya. An kuma sauke wasu guda biyu irinsa a farfajiya, na gan su da idona. Kun yi shiru, kun yi shiru, har masu kamfani suka ɗauka ku ba kwa jin ciwo."

"Auta?" ya ce.

"Auta."

Helma ya sunkuyo, ambulan a hannu. "Dogo, kai namiji ne, ka san yadda muke yi. Kada ka bari zafin zuciyar mace ya rushe abin da aka daɗe ana ginawa. Ka tuna masu iyali."

"Shi ba mai iyali ba ne?" in ji Uwar Biyu. "Helma, ba na ƙinka, ka yi mana alheri. Amma ka mayar wa leburori kuɗinsu. Ba su suka ci hannun ba."

Ta juya ga mijinta. "Ni ba zan yi magana a gaban likita ba. Hannunka ne, bakinka ne. In ka ce babur, zan sayar da keke a yi tiyata, in yi jinyarka, ba za ka taɓa jin gori daga bakina ba. Abu ɗaya ne kawai ba zan yi ba, shi ne wanki, kuma na riga na gama da shi."

Daga can ƙarshen ɗaki aka ji motsi. Likita ya shigo, matashi mai gajiya a fuska, yana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya. Helma ya koma ya jingina da bango, ya mayar da ambulan aljihu. Uwar Biyu ta gyara wa mijinta wuyan rigar, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Likita ya iso, ya ɗauki katin da ke rataye a ƙafar gado. Ya duba bandejin, ya ce Dogo ya motsa babban yatsa, ya gyaɗa kai. Idonsa ya sauka a kan shuɗiyar rigar, ya ɗan daɗe a kan yagaggen hannun, sannan ya koma kan katin.

"Waɗanda suka kawo ka sun ce hatsarin babur ne," ya ce. "A ina ya kayar da kai, malam?"

Dogo ya dubi Helma. Ya dubi matarsa. Ya dubi hannunsa a kan matashi, ya daɗe yana kallonsa kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Sista ta cire murfin alƙalaminta tana jira.

"Likita," ya ce a hankali, "ni ko keke ban iya ba."